Akwatin binciken kwamfuta: abin da na rubuta yana fita intanet ne?

Rabi'u:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata a kan akwatin bincike ne na Windows 11, wanda ke kusa da maɓallin Start. Idan mutum ya rubuta sunan fayil da ke cikin kwamfutarsa, sai ya ga sakamakon Bing, injin binciken intanet na Microsoft, ya fito tare da na fayilolin, wani lokacin ma na Bing ɗin ne a sama. Abin da nake son sani shi ne, kalmar tana barin kwamfutar tun kafin a danna Enter, ko sai an zaɓi sakamakon intanet ɗin? In tana fita, me da me ke binta? Kuma yaya ake toshe wannan hanya ba tare da binciken fayiloli ya lalace ba? Kwamfutar ta aiki ce, kuma yawancin fayilolin da sunayen mutane aka ajiye su, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. In Mac ko Linux ba su da wannan matsala, a faɗa mini. Na gode.

Injiniya Sale:

Wa alaikumus salam, Malam Rabi'u. Tana fita tun kafin Enter, kuma ba ta jiran ka gama kalmar. Shaidar tana gabanka: babu yadda za a yi shawarar Bing ta bayyana a allo sai abin da ka rubuta ya riga ya je ya dawo.

Abubuwa biyu ne aka haɗa a akwati ɗaya. Na farko SearchIndexer.exe, wanda ke zagaya faifan kwamfutarka yana tara sunayen fayiloli da kalmomin cikinsu a wani kundi. Wannan kundin a kwamfutarka yake zaune, sunansa Windows.db a Windows 11, Windows.edb a Windows 10. Na biyu shi ne akwatin da kake rubutu a ciki, SearchHost.exe a Windows 11, SearchApp.exe a Windows 10. Shi ne ke karɓar haruffanka ya miƙa wa kundin gida, ya kuma miƙa wa Bing a lokaci guda. Bai san nufinka ba. A wurinsa wanda ke neman takardar albashinsa da wanda ke neman labarin ƙwallo duk ɗaya suke.

A ce fayil ɗin sunansa "gwajin jini Lami". Ka rubuta "gwa", ka ɗan dakata, "gwa" ya tafi. Ka ƙara ya zama "gwajin ji", wannan ma ya tafi. Kafin ka kai ga sunan mai takardar, an riga an aika guntu-guntu da dama, na ƙarshen kuma yana ɗauke da sunan. In ka goge abin da ka rubuta, a allonka kawai ya gogu. Magana zarar bunu ce. Mafi muni shi ne a taɓa maɓallin Windows bisa kuskure ana shirin rubuta kalmar sirri, ta faɗa cikin akwatin bincike. In hakan ta faru da muhimmiyar kalma, canza ta kawai za a yi.

Abin da ke tafiya: kalmomin da ka rubuta, adireshin IP ɗinka, wato lambar da ake gane layinka da ita a intanet, tunda ba a iya haɗa layi sai da shi, da bayanan harshe da yankin da aka saita kwamfutar. In da asusun Microsoft ka shiga, buɗe account.microsoft.com/privacy ka duba tarihin binciken da aka jingina wa asusunka, a nan ma ake gogewa. Abin da wannan hanya ba ta aikawa shi ne fayilolin kansu da kundin da na ambata.

Yanzu toshewa. A saitunan yau da kullum na yawancin kwamfutoci babu maɓalli ɗaya da ke cewa kashe Bing, don haka sai an bi ta rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta na ciki. Buɗe Command Prompt da ikon admin, ka rubuta wannan a layi ɗaya:

reg add "HKCU\Software\Policies\Microsoft\Windows\Explorer" /v DisableSearchBoxSuggestions /t REG_DWORD /d 1 /f

Sai ka fita daga asusunka ka sake shiga, ko ka kashe kwamfutar ka kunna. Binciken fayiloli, manhajoji da saituna zai ci gaba kamar da, sau da yawa ma ya fi sauri tunda ba ya jiran amsa daga waje. Abin da za ka rasa shi ne jerin binciken baya da File Explorer ke nunawa a akwatinsa, domin asali wannan doka don shi aka yi ta.

Inda mutane ke tuntuɓe:

Masu yi da hannu a regedit, manhajar gyara rajista, sukan ga kwamfutarsu 64-bit ce, sai su zaɓi QWORD. Kuskure ne. DWORD 32-bit ake so ko da wace irin kwamfuta ce. Sannan sau da yawa babu reshen Explorer a ƙarƙashin Policies\Microsoft\Windows, sai an ƙirƙire shi. Umarnin da na bayar yana ƙirƙirarsa da kansa, shi ya sa na fi son sa.

Na biyu ya fi wuyar ganewa, kuma tunda ka ce kwamfutar aiki ce zai iya shafarka. HKCU na nufin rajistar wanda ya buɗe tagar. In asusunka ba na admin ba ne, wani ya zo ya sa tasa kalmar sirrin don buɗe Command Prompt, to dokar a asusunsa za ta sauka, naka na nan yadda yake. Umarnin zai ce an yi nasara, Bing kuma bai gusa ba. Maganinsa: daga asusunka, a taga ta yau da kullum, rubuta whoami /user, ka kwafi doguwar lambar nan da ta fara da S-1-5-21. A tagar admin ɗin kuma a maye gurbin HKCU da HKU\ sannan wannan lamba, kana cikin asusunka ba ka fita ba.

Na uku, tsofaffin bayanai a intanet suna cewa a sa BingSearchEnabled ya zama 0 a ƙarƙashin HKCU\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Search. Wannan shi aka sani kafin sigar 2004 ta Windows 10 da ta fito a Mayun 2020. Sa shi ba ya cutarwa, amma kada a dogara da shi shi kaɗai. Haka dokar Group Policy, wato tsarin da admin ke kafa wa kwamfutoci dokoki da shi, mai suna "Don't search the web or display web results in Search": za ka gan ta a Windows Pro, za ta karɓi Enabled, amma Microsoft ta keɓe ta ga Enterprise da Education. A Pro ado ce kawai.

Bayan rajista, shiga Settings, Privacy & security, Search permissions. Sabbin sigogi sun taƙaita sunan zuwa Search. Kashe maɓallai biyu na Cloud content search, na asusun Microsoft da na asusun aiki ko makaranta. Wannan wata ƙofa ce daban: ita ke kai tambayarka OneDrive da Outlook da SharePoint. Kashe Search highlights ma, waɗancan hotunan ranar da ke fitowa da zarar ka buɗe akwatin, domin daga intanet ake ɗauko su.

Malama Hauwa:

Injiniya ya gama da Windows. Bari in ɗauki ɗaya ɓangaren, Malam Rabi'u, don kada ka sauya kwamfuta a kan wannan ya zama an gudu ba a tsira ba.

Rigimar da ta fi kowace tashi a kan wannan batu a Linux ta faru, ba a Windows ba. A Oktoban 2012 kamfanin Canonical ya fitar da Ubuntu 12.10. Akwatin bincikensa, wanda ake kira Dash, yana ɗaukar abin da ka rubuta ya aika wa sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsa da ke intanet, productsearch.ubuntu.com, ita kuma ta tambayi Amazon, sai kayan sayarwa su jeru ƙarƙashin fayilolinka. In ka saya, Canonical ta samu la'ada. A kunne abin ya zo, ba a tambayi kowa ba. Hujjar kamfanin ita ce Amazon ba ta ganin mai tambaya, tunda Canonical ce a tsakani. Amma EFF, ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta nuna ɓarakar da ke ciki: hotunan kayan kai tsaye kwamfutarka ke ɗauko su daga Amazon, kuma ta layin da ba a rufe ba. Wato Amazon ta ga adireshin IP ɗinka, duk wanda ke leƙen layinka kuma ya ga hotunan, daga hotunan ya ƙiyasta abin da ka rubuta. An kulle ƙofar gaba an bar taga a buɗe. A Disambar shekarar Richard Stallman, jagoran fafutukar manhajoji masu 'yanci, ya fito ya kira abin manhajar leƙen asiri. Masu amfani suka riƙa cire unity-lens-shopping, manhajar da ke kawo kayan, da hannu, ko su kashe "Include online search results" a saitunan sirri. Sai a Ubuntu 16.04, a 2016, aka mayar da shi a kashe tun daga farko. Shekara uku da rabi ke nan.

Darasin fasaha da ke ciki bai tsufa ba: ba tambayar kaɗai ke tona asiri ba, har da abin da kwamfutarka ke ɗaukowa don nuna amsar.

Linux na yau ya fi natsuwa. GNOME da KDE su ne manyan fuskokin Linux. Kundin fayiloli na GNOME da na KDE, wanda ake kira Baloo, duk a cikin kwamfuta suke aiki. Amma akwai abin lura. A GNOME, abin da ka rubuta a akwatin bincike ana raba shi ga duk manhajar da ta yi rajista a matsayin mai ba da sakamako. Ko ta fita da shi waje ko ba ta fita ba, ya danganta da halin manhajar. Shiga Settings, Search, za ka ga jerinsu, ka kashe waɗanda ba ka buƙata. Mai son ganin asalinsu ya duba /usr/share/gnome-shell/search-providers/. Mai son kashe su gaba ɗaya:

gsettings set org.gnome.desktop.search-providers disable-external true

Sai dai wannan zai tafi har da sakamakon fayiloli a wancan akwatin, domin manhajar Files ma ta wannan hanya take bayar da nata. Za ka koma bincike daga cikin Files ɗin. A KDE kuwa jerin na ƙarƙashin Plasma Search ne a System Settings. Wanda na san yana fita waje shi ne na ƙamus: in ka rubuta define da wata kalma, sabar ƙamus ta intanet ake tambaya. Amma wannan kai ka nema da bakinka, kuma a ganina iyakar da ta dace ke nan. Mutum ya furta cewa waje yake nufi kafin a fita da maganarsa.

Mac: tun OS X Yosemite, Oktoban 2014, Spotlight ke aika abin da ake rubutawa ga Apple don kawo shawarwari, tare da kimanin wurin da kake. A lokacin ana miƙa wasu tambayoyin ga Bing ma. Apple ta ce ba ta haɗa su da asusunka, tana dushe ainihin wurin, kuma lambar da ke bin tambayoyin tana canzawa kowane minti 15. A takarda wannan ya fi na wasu kyau, amma bai canza cewa kalmar ta fita ba. Kashewa a wurare uku ne, kuma mutane sukan yi ɗaya su ɗauka sun gama. A System Settings, sashen Spotlight, cire alamar Siri Suggestions da Websites, in kuma akwai "Help Apple Improve Search" kashe shi. Sunayen na ɗan sauyawa daga siga zuwa siga, a Ventura da Sonoma sashen Siri & Spotlight ne. Na biyu Safari, nasa daban ne: Settings, Search, cire "Include search engine suggestions" da "Include Safari Suggestions". Na uku, Privacy & Security, Location Services, System Services, ka kashe wanda ya shafi shawarwari da bincike.

Mai cewa ai guntayen kalmomi ne ba sa nuna kowa, ya tuna abin da ya faru a Agustan 2006. Kamfanin AOL ya saki tambayoyi kusan miliyan 20 na mutane sama da 650,000, na wata uku, wai don masu bincike na ilimi. An cire sunaye an sa lambobi. Cikin 'yan kwanaki 'yan jaridar New York Times suka gano wata mata daga tambayoyinta kawai, domin mutane suna neman sunan danginsu, unguwarsu da ciwon da ke damunsu. Wancan ma abin da mutane suka rubuta ne da sanin cewa intanet suke tambaya. Abin da ake rubutawa a akwatin kwamfuta ya fi haka tsiraici, tunda mai rubutun yana zaton da na'urarsa kaɗai yake magana. Sunan abokin hulɗa, lambar shari'a, sunan magani, taken takardar murabus da ba a miƙa ba tukuna. Ba wanda zai buga waɗannan a Google da gangan.

Auwal:

Ban ƙi abin da aka faɗa ba, amma a auna girman abin, kada Malam Rabi'u ya kwana da fargabar da ta wuce kima.

Yau tambayoyin ta HTTPS suke tafiya, wato ta rufaffen layi. Kamfanin da ke ba ka intanet, ko wanda kuke layi ɗaya da shi, yana ganin cewa kwamfutarka ta yi magana da bing.com, da lokacin, da girman saƙon. Ba ya ganin kalmar. Matsalar hotunan Ubuntu ta wancan zamanin ce. Masu bincike sun taɓa nuna cewa ana iya ƙiyasta haruffa daga girman saƙonnin shawarar bincike ko da an rufe su, amma wannan aikin wanda ya sa ka a gaba ne takamaimai, ba abin da ke faruwa da kowa ba. Don haka masu ganin kalmar a zahiri biyu ne: kamfanin da ke karɓa, sai kuma ma'aikatarka in tana da na'urar da ke buɗe HTTPS tana dubawa, wanda manyan ofisoshi da yawa ke yi ta hanyar sa wa kwamfutocinsu takardar shaidarsu. Sannan wanda ya kashe Bing a Start, alhali duk foldar Documents ɗinsa tana hawa OneDrive, ya san cewa sunayen fayilolin da cikinsu duk suna can tuntuni. A fara duba wannan.

Inda na yarda ɗari bisa ɗari shi ne a kashe, domin ba ya cin komai kuma amfaninsa kaɗan ne. Akwai ma dalilin da bai shafi sirri ba. Ranar 5 ga Fabrairun 2020 akwatin binciken Windows 10 ya zama fanko a wurin ɗimbin mutane a duniya, ko manhajar da ke kan kwamfutar ba ya nunawa, saboda tangarɗa a ɓangaren sabar Microsoft. Waɗanda suka yanke alaƙarsa da Bing ta rajista nasu ya dawo. Binciken abin da ke cikin faifanka bai kamata ya dogara da lafiyar wata sabar ba.

Abin da nake son ƙarawa shi ne gwaji, tunda gani ya kori ji. Ɓacewar sakamakon intanet daga allo alama ce mai kyau, amma ba hujja ba ce cewa an daina aikawa. Manhaja tana iya aikawa ta ƙi nunawa. Ga yadda ake dubawa ba tare da an sauke komai ba.

Rufe burauza da Teams da Outlook da duk mai yawan magana da intanet. Danna Windows da R, rubuta resmon, shiga shafin Network. A jerin sama nemo SearchHost.exe ka sa masa alama, haka msedgewebview2.exe in ya bayyana, domin sabbin sigogin Windows 11 ta cikinsa akwatin ke zana fuskarsa. Ja tagar gefe yadda za ka riƙa ganinta. Buɗe akwatin bincike, kada ka rubuta komai, jira kamar daƙiƙa 30 lambobin su kwanta. Wannan jiran yana da muhimmanci: buɗe akwatin kaɗai kan jawo ɗan motsi, in ba ka raba shi da na rubutu ba za ka ruɗe. Sai ka rubuta haruffan banza a hankali, ɗaya bayan ɗaya, idonka a kan layin Send. Kafin gyara za ka ga lambar tana tsalle tare da yatsunka, adireshi kuma ya bayyana a ƙasa. Kada ka yi mamaki in ba ka ga kalmar bing a adireshin ba, sau da yawa lamba ce ko sunan wata sabar rarraba kaya. Bayan gyara ya kamata rubutun ya daina tayar da komai. A yi gwajin sau biyu, kafin da bayan, in ba haka ba babu abin kwatantawa.

Mai Wireshark, manhajar duba abin da ke bin layi, ya tace da tls.handshake.extensions_server_name contains "bing". In bai ga komai ba kada ya yi murna da wuri. Wannan tacewa farkon gaisuwa kawai take kamawa, kuma in layin ya riga ya buɗe tun ɗazu ba za a sake gaisawa ba. A fara kashe akwatin da taskkill /f /im SearchHost.exe, zai tashi da kansa, sannan a gwada. A Mac, manhajojin Little Snitch ko LuLu za su nuna maka, adireshin da za ka sa wa ido shi ne mai ɗauke da smoot.apple.com. A Linux OpenSnitch, ko ss -tp a tagar umarni yayin da kake rubutu.

Malama Hauwa:

Malam Auwal, batun HTTPS gaskiya ne, amma a tambayar Malam Rabi'u ba nan gizo ke saƙa ba. Sunayen da ke kan fayilolinsa ba nasa ba ne, na wasu ne da suka ba ma'aikata amana. Ko da babu ɗan leƙe a hanya, sunan mutum haɗe da kalma irin "gwajin jini" ya isa hannun wani kamfani na uku ba da izinin mai sunan ba. Ga likita ko lauya ko akanta wannan kaɗai ya isa matsala, ko kamfanin ya yi wani abu da shi ko bai yi ba. Shi ya sa ma nake ba da shawarar a daina sa cikakken suna a sunan fayil, a sa lambar fayil, jerin da ke haɗa lamba da suna a ajiye shi daban. Sunan fayil yana yawo fiye da cikinsa: yana shiga jerin abubuwan da aka buɗe kwanan nan, yana bayyana in ana nuna allo a taro, yana bin saƙon imel.

Rabi'u:

Allah ya saka da alheri, na fahimta sosai. Saura biyu. Wani ya ce a toshe bing.com a fayil ɗin hosts ko a katangar tsaro ta Windows, ya ce ya fi rajista ƙarfi. Haka ne? Sannan in Windows ta sabunta kanta, gyaran yana nan ko sai an sake? Kwamfutocin ofishin sun kai goma, ba na son bin su ɗaya-ɗaya kowane wata.

Injiniya Sale:

Amin. Bar batun hosts, Malam Rabi'u, wato fayil ɗin da kwamfuta ke dubawa don sanin adireshin shafi. In ka toshe bing.com a can, ka toshe shi ga kwamfutar gaba ɗaya har burauza, da duk wani abu da ke jingine da wannan adireshi. Akwatin kuma ba a gaya masa ya daina ba, zai ci gaba da ƙoƙari yana cin tura. Ƙari a kan haka, tun 2020 Microsoft Defender kan ɗauki toshe wasu adireshin Microsoft a hosts a matsayin kutse, ya yi ƙararrawa da sunan HostsFileHijack, in aka ce ya gyara kuma ya mayar da fayil ɗin yadda ya zo, har da layukan da ka sa don wata buƙata daban.

Katangar tsaro ta fi hosts ma'ana, amma tana da rauni. Kana iya yin dokar hana fita ga C:\Windows\SystemApps\MicrosoftWindows.Client.CBS_cw5n1h2txyewy\SearchHost.exe. Matsalar ita ce abin da ya bi ta msedgewebview2.exe wannan doka ba ta kama shi. In ka ce za ka toshe shi ma, foldarsa tana ɗauke da lambar siga, da zarar ya sabunta adireshin ya canza, dokarka ta koma nuna wurin da babu kowa. Kuma ba akwatin bincike kaɗai ke amfani da shi ba, sabon Teams da sabon Outlook duk a kansa suke, za ka kashe su tare. Rajista tana gaya wa manhajar kada ta tambaya tun farko, wannan ya fi tsafta.

Sabuntawar wata-wata ba ta saba taɓa abin da ke ƙarƙashin Policies ba. Lokacin da ya kamata ka duba shi ne bayan babbar sabuntawa ta shekara, irin daga 23H2 zuwa 24H2, domin a nan ake sauya yadda abubuwa ke aiki, kamar yadda aka yi wa BingSearchEnabled. Dubawa layi ɗaya ne:

reg query "HKCU\Software\Policies\Microsoft\Windows\Explorer" /v DisableSearchBoxSuggestions

In ya nuna 0x1 dokar na nan. Sai ka maimaita gwajin Malam Auwal a kwamfuta ɗaya don tabbatar da cewa har yanzu ana bin ta.

Ga kwamfuta goma, in Pro ne kuma suna ƙarƙashin sabar ofis, yi ta Group Policy sau ɗaya: User Configuration, Administrative Templates, Windows Components, File Explorer, "Turn off display of recent search entries in the File Explorer search box", a sa Enabled. Sunan bai ambaci intanet ba, amma ainihin wannan lambar rajistar yake rubutawa, kuma zai bi duk wanda ya shiga. In babu sabar, gpedit.msc a kowace kwamfuta sau ɗaya ya wadatar ga duk asusun da ke kanta, wanda ya fi bin HKCU mutum-mutum. Home ba ta da gpedit, sai umarnin farko a kowane asusu, har da wanda za a buɗe nan gaba. A ƙasashen Tarayyar Turai da sauran na yankin tattalin arzikin Turai, EEA, tun 2024 doka ta sa ana iya cire binciken Bing daga jerin manhajoji kamar kowace manhaja. Wannan ya danganta da yankin da aka zaɓa lokacin girka Windows.

In neman fayil da suna ne yawancin aikinku, manhajar Everything ta voidtools tana karanta jerin fayiloli kai tsaye daga faifan NTFS, ba ta tura tambaya ko'ina. Abu ɗaya za a kiyaye: a cikin Options ɗinta akwai HTTP Server da ETP/FTP Server. A kashe suke zuwa, a bar su haka, domin in aka kunna su ba tare da kalmar sirri ba, duk wanda ke kan layin ofis zai iya bincika faifan har ya sauke fayil.

Kundin gida ma kada a manta da shi. Windows.db yana ƙarƙashin C:\ProgramData\Microsoft\Search\Data\Applications\Windows, kuma yana riƙe da sunayen fayiloli da guntayen abin da ke cikinsu. In aka sace laftof ɗin da ba a rufe faifansa ba, ana iya karanta shi. A kunna BitLocker mai rufe faifai, foldar da ta fi sirri kuma a sa ta cikin jerin waɗanda aka keɓe daga bincike a saitunan Searching Windows. Bayan an keɓe ta, a shiga Indexing Options, Advanced, a danna Rebuild don a gina kundin daga farko ba tare da ita ba. Yakan ɗauki sa'o'i a kwamfuta mai fayiloli da yawa, kuma bincike zai riƙa kawo rabin sakamako har ya gama, don haka a fara shi lokacin tashi daga aiki, a bar kwamfutar a jone da wuta, a kuma hana ta barci a daren.